Raƙuman Dawan Kure: Dabbar ta Ƙasa ce, Ɓarnar ta Manomi

Kure na kimanin kilomita 60 daga Yamai, a kan hanyar Doso. Duk mai shiga motar Dogondutsi, Ƙonni, Tawa ko Maraɗi ya sha ratsa ta, galibi da asuba, yana gyangyaɗi. A dajin da ke dama da hagun wannan kwalta ne sauran raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage, irin nan masu hasken fata da masana ke kira peralta. Babu garkensu a Mali, babu a Najeriya, babu a Sanagal. Ko a gidajen namun daji na Turai babu ko ɗaya. An daɗe ana zaton waɗanda ke can irin namu ne, sai binciken ƙwayoyin gado na 2007 ya nuna cewa irin Kordofan ne, na Kamaru da Chadi. Ke nan in suka ƙare a Nijar, babu inda za a je a aro.

A 1996 an ƙirga su aka samu 49 kacal. A ƙidayar 2017 sun haura 600. Ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, wadda a 2008 ta sa su cikin jerin dabbobin da ke daf da ƙarewa, ta sassauta matsayinsu a 2018. Ƙasashe da yawa na Afirka raƙuman dawansu raguwa suka yi a cikin waɗannan shekaru, namu kuwa suka ninka sama da sau goma, kuma ba a cikin shinge ba, a tsakiyar gonakin hatsi da ƙauyuka. Wannan abin alfahari ne, ina kuma alfahari da shi. Amma ni abin da ya dame ni shi ne, idan ana ba da wannan labari a Yamai ana tsayawa ne a kan lamba, ba a cika tambayar wanda ya ciyar da dabbar har ta kai haka ba. Manomin Kure da na Harikanasu ne suka ciyar da ita, da wakensu da harawarsu da mangwaronsu, kuma tsarin da ke ɗan rage masu zafi ya sami mummunan rauni tun daga 2020.

Yadda aka kai 49

A farkon ƙarni na 20 raƙumin dawa yana yawo tun daga Sanagal har Tafkin Chadi. A Nijar ana ganinsa wajen Ayoru kusa da iyakar Mali, ana ganinsa ƙasar Dakwaro da Tanut. Bindiga ce ta fara cin sa. Dabba ce mai nama da yawa, fatarta mai kauri ana takalma da igiya da ita, ga ta da tsawo ba ta iya ɓuya, ga son tsayawa ta kalli mutum. Bayan bindiga sai faɗaɗa gonaki, sannan fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe itatuwan da take ci a arewa. Waɗanda suka tsira suka yi ta gangarowa kudu har suka tsaya a ƙasar Kure da Dallol Boso, inda Zabarmawa manoma da Fulani makiyaya, galibinsu, suka ƙyale su.

Shekarar 1996 ɗin kanta ta ƙara masu asara. Zamanin mulkin soja ne, aka tura sojoji su kamo wasu domin a yi wa shugabannin ƙasashe maƙwabta kyauta, da dama suka mutu a wajen kamun. Na kawo wannan ne domin a san cewa hannun hukuma ma yana cikin abin da ya kai garken bakin kabari, ba na talaka kaɗai ba.

Tudu da damana, kwari da rani

Ba za a gane matsalar yau ba sai an gane yadda dabbar ke raba shekararta gida biyu.

Da damana tana hawa tuddan Kure da Fakara. Ƙasar nan fako ce, tauri gare ta, tsakuwa ja a sama. Dajin da ke kanta ba a warwatse yake ba, layi-layi ne: layin kurmi mai duhu, sai fili tsirara babu ko ciyawa, sai wani layin kurmin. Wanda bai sani ba zai ɗauka filin nan ɓataccen wuri ne. Alhali shi ne ran dajin. Ruwan sama in ya sauka a kansa ba ya nutsewa, gangarawa yake a hankali ya taru a gindin kurmin da ke ƙasa da shi, kamar yadda rufin kwano ke tara ruwa ya zuba a randa. Ta haka layin itatuwa ke shan ruwan da ya fi abin da sama ta zuba masa kai tsaye, shi ya sa geza da sarƙaƙiya da taramniya da sabara da anza ke iya rayuwa a ƙasar da ko garma ba ta shiga da daɗi. Ganye da rassan da suka faɗi, da gara da ke huda ƙasa, su ne ke sa ruwan ya nutse a cikin kurmin.

To in aka sare layin fa? Ruwa ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya wuce da gudu, ya kwashe ƴar ƙasar da ta rage, ya haƙa kwazazzabo, ya sauka kwari ya binne gonaki da yashi. Ƙasar da ke ƙarƙashin kurmin da aka sare ta daskare ta zama fako kamar maƙwabciyarta. Wanda ya share wurin don ya shuka hatsi yakan ci amfanin ƴan shekaru ne kawai, daga nan gonar ta mutu, dajin kuma bai dawo ba. Irin wannan daji in ya tafi ba ya komowa da kansa.

Da rani, in ganyen tudu ya kaɗe, garken sai ya sauko Dallol Boso, wajen Harikanasu da kewaye. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe, ƙasarsa yashi, ruwa na kusa da sama, rijiya ba ta da zurfi. A nan gawo yake. Duk ɗan ƙauye ya san halin gawo: da damana yana zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuwa, sa'ad da komai ya bushe, shi yake yin kore shar, ya yi fure, ya zubo da ƴaƴa. Raƙumin dawa da ganyen gawo yake cin rani, yana haɗawa da aduwa da bagaruwa da magarya. Ƙaya ba ta dame shi ba, harshensa ya kusa rabin mita, da shi yake zare ganye daga tsakanin ƙayoyi.

Sai dai gawon nan a cikin gonar mutum yake. Makiyayi na sassabe rassansa don shanu, yara na tsince ƴaƴansa a cika buhu a kawo Yamai a sayar wa masu kiwon ragon Layya. Ke nan rabin shekarar raƙumin dawa yana dajin da garin Yamai ke ci da gatari, ɗaya rabin yana cikin gonaki da lambunan mutane. Babu wani yanki da aka killace aka ce nasa ne shi kaɗai.

Abin da aka yi daidai

Bayan 1996 an farka. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da aka haramta taɓawa kwata-kwata, mai kashe shi ɗauri da tara ke jiransa. Jami'an gandun daji suka zauna a yankin. Aka kama ƙidaya a kai a kai, kuma ƙidaya ce ta gaske, domin zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa. Ana ɗaukar hoton gefen dama da na hagu, a ba kowanne lamba, a san wace ta haihu, wane ya ɓata. Aikin da damana ake yinsa, lokacin da suka taru a tudu.

Ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman dawan Nijar, da tallafin gidan namun daji na Doué-la-Fontaine a Faransa, ta bi ta wata hanyar: rijiyoyi, ƙananan rance ga ƙungiyoyin mata, wayar da kai ƙauye ƙauye. Samarin yankin kuma suka kafa ƙungiyar ƴan rakiya, su ne ke shiga motar baƙo su kai shi inda garke yake, a biya kuɗin shiga da na rakiya. A lokacin baƙin galibi Turawa ne mazauna Yamai, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji, masu fita ranar Asabar ko Lahadi su dawo kafin la'asar. Saƙon da aka kai wa ƙauyuka a fili yake: dabbar nan da ranta ta fi amfani gare ku da namanta.

Akwai kuma abin da ba aikin kowa ba ne. A yankin babu zaki, kura ma ta yi ƙaranci. A wasu ƙasashe namun daji masu cin nama na kashe kaso mai yawa na ƴaƴan raƙumin dawa kafin su shekara, a Kure kuwa mafi yawansu na girma. Uwa na ɗaukar ciki kimanin wata 15 ta haifi ɗa guda, wanda tun ranar haihuwa ya kai tsawon babban mutum. Dabba mai jinkirin haihuwa haka, in aka ga ta ninka sau goma cikin shekara ashirin, to lallai mutanen da take zaune da su sun riƙe hannunsu.

Ɓarnar da ba ta da makiyayi

Raƙumin dawa bai damu da hatsi ba sosai, ko da yake yakan tattake shi in zai wuce. Wake yake so. Kuma wake a wannan ƙasa ba abin wasa ba ne. Hatsi na rumbu ne, na ci. Wake da harawa su ne kuɗin hannu: da su ake biyan bashin damana, a sayi magani, a yi wa yara ɗinki, a kai gudummawar biki. Manomi in ya tuge harawa yakan ɗaure ta dami-dami ya ɗora a kan rufi, ko kan rumbu, ko a cokalin itace, inda akuya da saniya ba za su kai ba. Dabarar kaka da kakanni ce, kuma tana aiki a ko'ina, ban da inda dabba mai tsawon mita biyar ke yawo da dare. Haka mangwaron lambunan Dallol, daga fure har ƴaƴa, shingen ƙaya bai hana wuya ya miƙa ta sama ba.

A ƙasarmu kowa ya san hukuncin ɓarna. In saniya ta shiga gona kafin ranar sakin gonaki, ana kama ta, a kai gidan mai gari, a kira mai ita, a je a duba abin da ta ci, a yanke abin da zai biya. In abin ya gagara a wuce wajen sarki ko hukuma. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 duk sun san da wannan hanya ta sulhu. Ba kullum ake adalci a cikinta ba, amma manomi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Raƙumin dawa kuwa bai san ranar sakin gonaki ba, ba a kama shi a ɗaure, ba makiyayin da za a kira. In mai gona ya jefe shi ya ji masa rauni, shi ne mai laifi a gaban doka. Abin da ya rage masa shi ne kwana a gona yana buga gwangwani, ko ya haɗiye.

Za a ce ai an haƙa rijiya, an ba mata rance. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma rijiya ta gari ce baki ɗaya, ɓarna kuwa ta mutum ɗaya ce. Wanda gonarsa ke bakin daji, a kan hanyar da garke ke bi, shi ke asara kowace kaka, alhali ruwan rijiyar da yake sha daidai yake da na wanda gonarsa ke bayan gida ba a taɓa taɓa ta ba. Sannan alherin ya taru ne a ƙauyukan da ke kusa da Kure, dabbar kuwa da ta yi yawa ta bazu. Ana ganinta wajen Fandu da Dingazi a arewa, wajen Loga da Dogondutsi a gabas, har Gaya a kudu, wasu ma sukan tsallaka Najeriya. Ba'aren da ya wayi gari ya ga an cinye masa wake a ƙasar Arewa ta Dogondutsi bai taɓa ganin kuɗin baƙo ko dala ɗaya ba.

Kada mu ɗauka haƙurin mutane ba ya ƙarewa. A 2017 a yankin Ayoru an kashe dorina sama da 20 cikin ƴan watanni, bayan mutanen bakin kogi sun gaji da ɓarnar gonakin shinkafa da kisan dabbobinsu. Dorina ma doka ta kare ta. Raƙumin dawa ba ya kifar da jirgi, ba kasafai yake kashe mutum ba, wannan ya sa ake yi masa uzurin da ba a yi wa dorina. Amma garken da ya haura 600 ba cin garken 49 yake yi ba.

Murhun Yamai

A nan ne mu mutanen birni muke shigowa, ko mun taɓa ganin raƙumin dawa ko ba mu taɓa ba. A ƙidayar 1988 Yamai na da mutum kimanin 400,000. A ta 2012 ta haura miliyan ɗaya, kuma tun daga nan ba ta daina faɗi ba. Mafi yawan tukwanen garin har yanzu a kan itace ko gawayi suke. Mai tuwo-tuwo a Katako, mai ƙosai a Bukoki, mai nama da mai shayi a bakin tashar Wadata, uwargida mai dafa wa mutum goma sha biyar, duk wuta ɗaya suke hurawa. Tsofaffin manyan motocin nan da ke shigowa gari sun yi lodi har sun karkace, da raƙuma da jakuna da amalanke, daga dazuzzukan da ke kewaye da birnin suke, kuma tuddan gabas na cikinsu. Geza itace ne mai kyan wuta, mata na sonsa, shi ne kuma ƙashin bayan kurmin tudu.

Ba na ɗora laifin a kan mai saran itace. A watannin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai zo ba, dami biyu na itace a bakin kwalta shi ne tuwon dare. Ba na kuma ɗora shi a kan uwargida. In ka ce mata, Hajiya, ki koma gas mana, amsarta a shirye take: kuɗin tukunyar gas da murhunta a dunƙule ake biya, itace kuwa na dala ashirin ma ana sayarwa, sannan ranar da gas ya yanke a gari wa zai ba yara abinci? Tun ƙarshen 2011 matatar SORAZ ta Zinder ke fitar da gas na girki, gidaje da yawa a Yamai sun koma kansa, amma talakan da ya fi kowa ƙona itace shi ne ya fi nisa da tukunyar farko.

Tun 1992 akwai dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara. Tunanin mai kyau ne: ƙauye ya riƙe dajinsa, a raba shi kashi-kashi ana sara ana hutar da wani, a ƙayyade abin da za a fitar a shekara, haraji kuma a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali, wani kaso ya koma gyaran dajin. Inda aka riƙe tsarin da gaskiya ya taimaka. Amma buƙatar birni ta ninka tun daga lokacin, dajin kuwa bai ƙaru ba, kuma mota mai neman lodi ba ta tambayar ko daga kason bana aka saro shi.

Kwaltar kanta tana ci. Hanyar Yamai zuwa Doso ta raba yankin biyu, motocin safa da na kaya na gudu a kanta dare da rana, an sha buge raƙumin dawa yana tsallakawa, kuma karo da dabba mai nauyin kusan tan guda haɗari ne ga fasinja ma. Layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga 2014 aka ƙaddamar a farkon 2016 ya bi gefen hanyar, ya ci nasa rabon na itatuwa.

Gadabeji

Masana sun daɗe suna faɗin cewa tara dukan irin a wuri ɗaya haɗari ne, cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya share shi. A Nuwamban 2018 gwamnati, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta kwashi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a ƙasar Dakwaro, jihar Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 800. Gandun tun 1955 aka kafa shi, faɗinsa hekta 76,000, UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayen kare halittu na duniya a 2017, kuma raƙumin dawa ya taɓa zama a can kafin fari da farauta su kore shi a shekarun 1970.

Wannan karon an yi aikin da ilimi. Maganin sa barci da ke kayar da raƙumin dawa yana iya kashe shi cikin mintuna, don haka da zarar ya faɗi ake ba shi makarinsa, a rufe masa ido, a toshe kunne, a riƙe wuya, a tashe shi da igiyoyi a shigar da shi mota. An zaɓi matasa, aka tsare su a wani shinge sama da mako uku su saba, sannan aka yi tafiyar kwana biyu da su a tsaye. A 2022 aka ƙara huɗu, kuma sun fara haihuwa a can. Gadabeji ƙasar kiwo ce, ta Buzaye da Fulani, gonaki kaɗan ne, rigimar wake ba ta da ƙarfi. Na yaba wannan aiki ƙwarai. Sai dai ajiya ce don gudun ɓacin rana. Dabba goma sha biyu da aka ɗebe daga cikin ɗaruruwa ba ta rage wa manomin Dallol komai ba.

9 ga Agusta 2020

Ranar Lahadi ce. Ƴan bindiga a kan babura suka tare wata mota a cikin dajin Kure suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu ɗan Nijar, da shugaban ƙungiyar ƴan rakiya, Kadri Abdou Gamatche, Allah ya jiƙansu. Daga baya ƙungiyar IS ta ɗauki alhakin harin. Aka rufe yankin ga baƙi, aka faɗaɗa dokar ta-ɓaci, Faransa ta gargaɗi ƴan ƙasarta da su daina fita wajen Yamai.

A rana ɗaya aka rasa mutumin da ya shekara da shekaru yana bin garken, aka kuma rasa kasuwar da ta ciyar da ƴan rakiya da iyalansu. Waɗannan samari ba masu nuna hanya kawai ba ne. Su ne idon da ke kan dabbar kullum, su ke sanin wadda ta faɗa rami, wadda waya ta kama, su ke lallashin mai gonar da ransa ya ɓaci domin ɗan'uwansu ne ko surukinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasashen Turai da dama suka dakatar da tallafi, Turawan da ke zaune Yamai suka ƙara raguwa. Darasin da na ɗauka shi ne, an jingina rabin aikin a kan aljihun baƙo, baƙo kuwa yana da ƙasar komawa.

Wa zai biya

Ra'ayina shi ne a bi da raƙumin dawa yadda ake bi da kowace dabba mai ubangiji. Doka ta ce namun daji dukiyar ƙasa ne. To mai dabba ya biya ɓarnar dabbarsa. Ba sai an ƙirƙiro sabon ofis ba: mai gari da malamin gona da jami'in gandun daji da ɗan rakiya guda sun isa su je gona cikin kwana biyu, sawun raƙumin dawa ba ya ɓuya, ba ya kama da na saniya. A auna abin da aka ci, a rubuta, a biya mutumin da kansa, ba garinsu ba. In ana tsoron kuɗi zai salwanta a hanya, a biya da tiyar wake, kuma a biya kafin rani ya yi nisa, lokacin da farashi bai tashi ba, iyali kuma na buƙata. Za a sami masu ƙarya, kamar yadda ake samu a ɓarnar shanu, kuma ba a taɓa soke hukuncin ɓarna saboda su ba. Lambun mangwaro da wurin ajiyar harawa kuwa rigakafi ya fi sauƙi: ɗakin ajiya mai rufi da ƙofa, da dogon shingen waya ga wanda lambunsa ke kan hanyar garke.

Kuɗin ya fito daga inda matsalar ke fitowa. Itacen da ke shiga Yamai ana karɓar haraji a kansa, a ware wani kaso sananne daga na yankin Kure da Fakara a zuba a wannan asusu da gyaran tudu. Gyaran kuma mun iya shi, ba sai an koya mana ba. Manoman Adar, wajen Illela da Badagishiri da Keita, sun farfaɗo da fako da ramukan tara ruwa na tassa da na rabin wata da jeren duwatsu tun shekarun 1980. Manoman Maraɗi da Zinder, da sassaben zamani kawai, wato barin toho ya girma a gona maimakon a ƙone shi, sun mayar da gawo da sauran itatuwa a kan hekta miliyan biyar. A biya masu saran itacen Kure ladan haƙa ramukan rabin wata a watannin yunwa, shi ne zai sauke gatari daga kafaɗarsu, ba tara ba. A Yamai kuma tallafin da ya fi dacewa shi ne na tukunyar gas ta farko, a fara da masu dafa abincin sayarwa, domin murhunsu ba ya mutuwa daga safe har dare.

Saura baƙi. In tsaro ya samu aka sake buɗe hanya, bai kamata a zauna jiran Turawa ba. Akwai ɗaruruwan makarantu a Yamai, tafiyar awa ɗaya ce, kuma yawancin yaran garin nan ba su taɓa ganin dabbar ba sai a hoton littafi. Alhazan kasuwa da manyan ma'aikata da ke kai iyalansu gidan namun daji na Bubu Hama ranar Salla suna iya ɗaukar nauyin motar aji guda a shekara, a biya ƴan rakiya cikakken kuɗinsu ba tare da neman ragi don ɗan ƙasa ne ba. Masu ƙidaya kuma, duk damanar da suka fita ɗaukar hoton dabbobin, su haɗa da auna faɗin kurmin da ya rage a tudu, da yawan ƙananan gawo a Dallol, da yawan gonakin da aka kawo ƙarar ɓarna da waɗanda aka biya, a fitar da lambobin tare a rahoto ɗaya.